Temidayo Jikar Ayashe

Badariya, Birnin Kebbi
Laraba, 7 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Gwaggo Ayashe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Ya gwiwar? Ya ruwa wajenku? Mu nan kullum sai ya zuba, har gulbi ya fara leƙo gonakin shinkafar da nake dubawa a Zauro. Na san waya ba ta da amfani tunda kunnen ya ƙi, shi ya sa na koma wa biro. Maigandi direba zai miƙo miki in ya shigo Argungu. Ki yi haƙuri da rubutun, murna ce ta karkata shi.

Albishirinki, Gwaggo. Jiya Talata da hantsi Fisayo ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, amma da ta tsala kuka sai da wata mai jinya ta leƙo daga ɗakin gaba. Uwar tana nan da sauƙi, har ta sha kunu kofi biyu.

Na yi mata huɗuba da sunan Inna, Allah Ya jiƙanta. Kin ga ke nan mun ɗaure bakinmu da kanmu. Ni ba zan tsaya tsakar gida in ƙwala sunan mahaifiyata ba, Fisayo kuwa suruka ce, ita ma ba hali. Dole a sami sunan kira, kuma kin san shi ne zai bi yarinya har tsufanta. Fisayo ta roƙi a bar mata wannan, ta ce Temidayo. Sunan Yarabawa ne, na farin ciki. Ban iya ce mata a'a ba, ban ma so in ce ba. Kin san abin da ya wuce mana: na fari kwana uku ya yi, Faruk wata huɗu.

Suna ranar Talata mai zuwa. Gwaggo, ki zo. Na san ke da Baba 'ya'yan wa da ƙane ne, wasu za su ce zumuncin ya yi nisa, amma ni ban san wata gwaggo ba, kuma ke kaɗai kika rage mini. Dangin Fisayo za su cika gidan nan maƙil. Ina so ke za ki riƙe ta a cinya lokacin da wanzami zai yi aski. Na ce wa Maigandi ya tsare miki kujerar gaba.

Ɗanki,
Musaddiq

Argungu
Juma'a, 9 ga Agusta, 2024

Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Goro fari. Allah Ya raya, Ya ba uwa lafiyar shayarwa. Gwiwa tana nan, ita da ruwan sama kamar sun haɗa baki. Rubutunka kuwa kada ka ɗora wa murna laifi, tun kana aji uku haka yake, kamar kaza ta taka tawada.

Ka kyauta da ka mayar da Maryamu. Ni na isa in kira ta, tare muka yi wankin kaya a bakin gulbi. Sai dai na karanta takardarka sau uku, a na ukun na ajiye ta na riƙe kai.

Yaro, kana da hankali kuwa? Biyu sun tafi, ta ukun ta zo, ku kuma ku hau rufin ɗaki kuna shelar farin ciki? A gidanmu ba a haka. Mace in tana wabi, tana haihuwa suna komawa, ba a nuna ana son wanda ya zo. Ranar suna da sassafe, kafin a yanka rago, tsohuwa ta ɗauki jaririya ta kai bakin juji ta ajiye. Uwar ta juya baya ta ce ba ta so. Sai wata ta zo ta ɗauka, ta ce ta tsinci abin banza. A sa mata Ajuji. Abin da ba a so, ba mai ƙyashinsa, ba mai sa masa ido.

Ni ce shaida. Biyar suka riga ni zuwa ɗakin mahaifiyata Inna Tamba, ba wanda ya yi rarrafe. Da na zo aka yasar da ni bayan gida, aka ce Ayashe. Ga ni yau shekara sittin da bakwai, na ga bayan likita biyu da suka ce hawan jini zai kashe ni.

Kada ka aiko mini da wa'azi. Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, na san rai a hannun Allah yake. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da ma Talatu kuka ce, ba ruwan kowa. Wannan suna naku ko kiransa ban iya ba, kuma ba zan koya ba. Ban san daga ina ya fito ba, ban san abin da zai jawo ba.

Ga maganata. In za ku bari in ɗauke ta zuwa juji in yi abin da aka yi mini, ka aiko da layi ɗaya, zan zo ko da rarrafe. In ba haka ba, ku yi sunanku, ni ba zan zauna ina kallo ana kiran abin da nake tsoro ba. Ka gaya wa matar gidanka kada ta riƙa yi mata wasa a gaban mutane. Ta ɗaure fuska, ta yi kamar ba ta damu da ita ba.

Ga busasshen kifi nan Maigandi zai kawo, a yi wa mai jego farfesu da yaji sosai.

Gwaggonka,
Ayashe

Argungu
Talata, 27 ga Agusta, 2024

Musaddiq,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Na rubuta wannan kalmar ta lafiya na daɗe ina kallonta.

Yau kwana goma sha takwas ba layi ɗaya daga gare ka. Ranar suna na yi wanka na ɗaura zanen fita, na zauna a zaure har azahar ko takardarka za ta zo. Ba ta zo ba. Na ce fushi ne, yaro ya yi zuciya, zai huce.

To jiya Maigandi ya biyo ta ƙofar gida. Na tambaye shi ko ya ga mutanen Badariya. Sai da ya faɗa sau uku da ƙarfi kafin in kama: "Hajiya, gidan a kulle na iske shi. Maƙwabta sun ce suna asibiti tun bayan suna." Na ce wa ke ciwo, ya ce bai tambaya ba. Namiji ke nan. Ya iya tambayar fasinja inda zai sauka, bai iya tambayar wa ke kwance ba.

Tun jiya ban sa komai a bakina ba. In abin da nake tsoro ne ya faru, kada ka wahalar da kanka da dogon bayani. Layi ɗaya ya isa, na san sauran. Kuma ba zan ce na gaya maka ba. Wallahi ba zan ce ba. Da ma ni ce na yi kuskure, duk Argungu ta yi mini dariya.

Akwai wata 'yar hula da na saƙa tun watan azumi, da ka ce mini ana sa rai. Ban gaya wa kowa ba, na tura ta ƙasan akwati don kada ido ya gani. Yanzu ban san ko in ciro ta ko in bar ta can ba.

Ka rubuto, don Allah.

Ayashe

Badariya, Birnin Kebbi
Alhamis, 29 ga Agusta, 2024

Gwaggo,

Tana da rai. Na fara da wannan kafin gaisuwa don ki ci abinci. Yanzu kuma ina gaishe ki, ya gwiwar?

Washegarin suna idonta ya yi rawaya, ta ƙi kama nono. Shawara ce, ga zazzaɓi a kai. Kwana goma sha biyu muka yi a asibiti, an rufe mata ido an kwantar da ita ƙarƙashin wata fitila shuɗiya. Ranar Litinin da yamma aka sallame mu. Yanzu tana tsotso kamar mai ramuwar azumi.

Amma ba zan ɓoye miki ba, ba asibiti kaɗai ya hana ni rubutu ba. Na yi fushi. Ranar suna dangin Fisayo sun zo har daga Ilori. Da wanzami ya ce ina gwaggon uba ta zo ta riƙe, sai aka shiga waige-waige. Matar maƙwabcinmu ce ta miƙo hannu. Ban taɓa jin maraici irin na wannan safiyar ba, ko ranar da aka binne Baba.

Ga wata gaskiyar kuma, wadda ta fi wuyar faɗa. A kwana na huɗu, da jikinta ya yi zafi sosai, na tsaya kan 'yar gadon nan ina kallonta, maganarki na yi mini yawo a kai. Na ce ko dai Gwaggo ta yi gaskiya? Na sunkuya, saura kaɗan in kira ta Ajuji. Ni da nake tara manoma ina ce musu su bar camfi su bi awon ƙasa. Bakina ne kawai ya ƙi.

Takardarki ta farko na ɓoye ta cikin jakar aiki, ban nuna wa Fisayo ba. Ta je neman katin asibiti ta ci karo da ita. Na shigo na iske ta zaune da takardar a cinya. Na fara kame-kame, ta ce in yi shiru. Bayan kwana biyu, wato jiya, ta ce in sayo mata takarda da ambulan, ita za ta ba ki amsa da hannunta. Ban san abin da za ta rubuta ba. In ta yi zafi, ki tuna mai jego ce.

Ki ciro hular.

Ɗanki,
Musaddiq

Badariya, Birnin Kebbi
Lahadi, 1 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ya ƙarfin jiki? Kifi ya iso, na gode, Allah Ya saka. Na ci har na manta da kunya. Ni da jikarku muna lafiya.

Sau biyu kawai muka haɗu, ranar biki da ranar gaisuwar Faruk, saboda haka bari in gabatar da kaina da kyau. Ni ce Fisayo, ɗiyar Alhaji Oladipo mai kayan keke a babbar kasuwa. A garin nan aka yanke mini cibiya. Da na fara karanta takardarku, na ga juji, na ga a ɗaure fuska, zuciyata ta ce don ni Bayarabiya ce. Na yi kuka. Da na sake karantawa na kai inda kuka ce biyar suka riga ku, sai na gane ba ƙi ba ne. Tsoro ne, kuma na san shi, ɗaki ɗaya muke kwana da shi shekara huɗu.

Gwaggo, mu ma muna da irin wannan al'adar. In yara suna komawa, akan sa wa na gaba sunan roƙo. Da aka haifi Faruk, Mamata ta sa masa Malomo, wato kada ka sake tafiya. Ta hana ni yi masa kwalliya, ta hana ni yi masa waƙa in da baƙi. Na bi duka. Wata huɗu ina ɗaure fuska ga ɗan da nake ji kamar in haɗiye. Ya tafi duk da haka. Abin da ke cina har yau ba tafiyar ba ce kaɗai. Yaron nan ya zo duniya ya koma bai taɓa ganin uwarsa ta yi masa dariya da dukan fuskarta ba.

Kun ce ba ku san daga ina sunan ya fito ba. Ga inda ya fito. Da aka miƙo mini ita a ɗakin haihuwa, Mamata tana tsaye. Matar da ta binne jikoki biyu, wadda ta shigo da sunan roƙo a shirye a bakinta. Tana ganin fuskar yarinyar sai ta manta da shi, ta ɗaga hannu ta ce, "Temi dayo." Na ce Mama, kin raɗa suna.

Kalma uku ce aka haɗa. Temi, nawa. Di, ya zama. Ayo, farin ciki. Nawa ya zama farin ciki. Ba kowace yarinya ake sa wa ba. Sai gidan da aka sha kuka, mai faɗin sunan yana nufin rabona da ya kasance baƙin ciki yau ya juya. Ba alfahari ba ne, Gwaggo, godiya ce.

Kun ce ba ku iya kiransa ba. Mutanen layinmu ma sun mayar da shi Tamidayo, wasu Timi, na gaji da gyara. Ɗanku ya ce kunnenku ya yi nauyi, to ga shi a rubuce, tunda ku malama ce. Gaɓa huɗu ne. Te, murya a ƙasa, kamar an taka cikin jirgin ruwa. Mi, a ɗaga ta sama, an hau gaɓar gulbi. Da, a miƙe, ana tafiya a kan hanya. Yo, a sauke ta ƙasa, baki a buɗe sosai, an iso gida an sauke kaya. Na ja layi a bayan takardar nan yadda muryar ke hawa da sauka.

Ban san kwana nawa Allah Ya rubuta mata ba. Da take ƙarƙashin fitilar nan ido a rufe, ba abin da zan iya yi mata sai kiran sunanta, na kuwa kira shi har muryata ta dishe. In shekara tamanin ce, alhamdu lillahi. In kwana tamanin ne, ina so ta yi su tana jin ana murna da ita. Ba zan kai ta juji ba, ku gafarce ni. Amma ina so ta sami kaka ta wajen uba. Ranar Lahadi goma sha biyar ga wata za mu yi arba'in. Ba a ba kowa goyon farko ba, na ce akwai mai shi.

Surukarku,
Fisayo

Argungu
Talata, 10 ga Satumba, 2024

Zuwa ga ɗiyata Fisayo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ya jego, ya ruwan zafi? Rubutunki ya fi na mijinki nesa ba kusa ba, ki gaya masa ni na ce.

Na daɗe ban amsa ba. Kwana uku na farko haushi nake ji, yarinya ƙarama ta zaunar da ni a benci tana koya mini darasi. Sauran kwanakin kuwa wani abu ne ya taso mini wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har mijina, Allah Ya jiƙansa.

Na ce wa Musaddiq ni ce shaida, al'ada ta raya ni. Ban gaya masa yadda aka rayu ba. Inna Tamba ba ta taɓa goya ni a gaban mutane ba. Ba ta taɓa yi mini kitso tana yi mini hira ba, maƙwabciya ke yi. In an ce ɗiyarki ta yi ƙoƙari a makaranta, sai ta taɓe baki ta ce, "Wagga? Abin da anka tsinta?" Na girma ina ɗauka da gaske take.

Ina shekara tara muka shiga jirgi za mu kai wa masu aikin shinkafa abinci a ƙetare. Na hango furen bado, na miƙa hannu, sai ga ni cikin gulbi. Na nutse na taso. A wannan tasowar na ji wata murya da ban taɓa ji ba, ta tsaga fadamar nan kaf: "Ɗiyata! Ku hidda min ɗiyata!" Inna ce. Ta yar da ƙwaryar tuwo, mutum biyu suna riƙe da ita kada ta faɗo. Wani masunci ya cafko ni ta wuyan riga. Da aka shimfiɗe ni a gaɓa ta ga ina numfashi, sai ta gyara ɗaurin zane, ta dalla mini mari, ta ce, "Ayashe, abin banza," ta juya baya. Ba ta sake faɗin waccan kalmar ba har ta koma ga Allah.

Shekara hamsin da takwas ke nan ina cin wannan kalma ɗaya, ina gutsura kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare. Yanzu da kunnen ya toshe, muryoyi da yawa sun ɓace mini, ita tana nan. Da na karanta abin da kika ce game da Faruk, sai na tuna Inna. Ashe ba ni kaɗai aka hana ba. Ita ma an hana ta.

To amma ni malama ce, ba na sa hannu a kan abin da ban bincika ba. Ranar Asabar na ja gwiwata zuwa kasuwa wurin Maman Mujtaba, wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka. Ban nuna mata takardarki ba. Na tsaya na bi layin da kika ja, na shiga jirgi, na hau gaɓa, na yi tafiya, na sauke kaya. Matar nan ta saki murfin tukunya ya faɗi. Ta matso bakin kunnena ta ce, "Malama, wa yak koya miki wagga magana?" Na ce ba ruwanki, me take nufi? Ta faɗa mini daidai da yadda kika rubuta, ba ragi ba ƙari. Sannan ta ce na ƙarshen ne ban buɗe baki sosai ba, wai na yi kamar mai tsoron ƙuda. Ta sa na maimaita sau bakwai a tsakiyar kasuwa, masu albasa suna kallo. Ni da na sa yara dubu maimaita baƙi, yau an rama musu.

Ba zan yi miki ƙarya in ce tsoron ya tafi ba. Yana nan. Amma na zauna na auna, na ga bai kamata a ce sai yarinya ta faɗa gulbi kafin ta ji ana sonta ba.

Ki ce wa mijinki Maigandi ya tsare kujerar gaba ranar Asabar. Ki tanadi zanen goyo mai ƙarfi, bayana ya manta aikin, in ma ya taɓa sani.

Gwaggonki,
Ayashe

Argungu
Juma'a, 20 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Temidayo,

Assalamu alaikum, 'yar ƙarama. Ina fatan kina lafiya, kina tsotso, kina hana ubanki barci. Ni na iso gida lafiya, gwiwa tana ta ƙorafi, ban kula ta ba. Wannan takarda uwarki za ta adana miki har ki iya karatu. In kin ga rubutun ya fi na ubanki kyau, kada ki yi mamaki.

Ina so ki san yadda muka haɗu, don kada a ba ki labarin a karkace. Na iso Badariya ranar Asabar da la'asar. Aka miƙo ki, kika dube ni kika yamutsa fuska, sak kakarki Maryamu in an taɓa mata sabulu. Hular da na saƙa ta yi miki yawa, ta rufe har hanci. Na buɗe baki in kira ki, sai gaɓoɓin sunan suka rikice mini. Sai uwarki ta durƙusa, ta kama hannuna ta ɗora a maƙogwaronta, ta faɗi sunan a hankali. Na ji shi a tafin hannuna yana hawa yana sauka. Kakarki ta wajen uwa tana gefe tana gyaɗa kai.

Sai na faɗa. Ni ba na jin muryata, ban san ƙarfinta ba. An ce awakin maƙwabta sun watse, wani mai keke-napep ya taka burki a bakin layi, ke kuma kika tsala ihu. Ubanki ya fita waje wai zai duba babur, ya dawo ido jajir.

Ranar Lahadi aka ɗaura mini ke a baya, muka fita gaida mutane. A ƙarshen layinku akwai juji, inda na yi niyyar kai ki. Ƙafata ta tsaya da kanta. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in na tuna ki sai na yi addu'a sau uku. Na dubi jujin, kaji suna tono. Na ji ɗuminki a bayana. Na gyara goyo na wuce, duk wanda muka gamu da shi na ce masa jikata ce, ga sunanta, kuma ban bar shi ya tafi ba sai ya faɗa daidai.

In kin girma wasu za su ce miki Timi, wasu Tamidayo. Ki tsayar da su ki gyara musu, baki a buɗe a na ƙarshen. In sun tambayi ma'anarsa ki ce, nawa ya zama farin ciki. In sun ce na wa, ki ce na uwata ne, da na ubana, da na wata tsohuwa a Argungu.

Ubanki ya ce in riƙa rage murya in zan kira ki, wai har masallacin layi ana ji. Na ce masa a'a. An daɗe ana raɗa a gidanmu, ɗiyata. Bari a ji.

Kakarki,
Ayashe